Kafintan da Ke Ƙera Mana Gaɓoɓin Layin Dogo na Ƙaramin Jirgi a Zinder: Inda Ya Ƙware da Inda Ya Gaza

A ɓangaren Zango na birnin Zinder akwai wani shagon kafinta wanda aikinsa na yau da kullum bai wuce gadaje da kujeru da akwatunan tufafi na amare ba, amma wanda ya karɓi wani aiki da ba a saba gani ba a Damagaram, wato ƙera gaɓoɓin katako da ake shimfiɗa layin dogo na ƙaramin jirgin ƙasa a kansu, tare da ma'ajiyar da ake adana su a ciki. Ni da wasu abokaina malaman makaranta muka kai masa aikin, kuma tun da kayan sun ga hunturu sun ga bazara sun ga damina a hannunmu, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani domin amfanin duk wanda ke tunanin bin wannan hanya. Hukuncina shi ne ma'ajiyar da ya ƙera ta fi gaɓoɓin kansu daraja, kuma a ƙasa irin tamu haka ya kamata abin ya kasance, domin wanda bai warware matsalar ajiya ba bai kamata ya sayi ko tarago ɗaya ba.

Ga wanda bai taɓa ganin irin wannan abu ba, ƙaramin jirgin da ake magana a kai ba abin wasan yara ba ne da ake turawa da hannu. Kwaikwayo ne na jirgin gaske wanda aka rage girmansa bisa ƙayyadadden lissafi, yana da ɗan inji a cikin kansa, kuma yana samun wuta daga ƙarafan dogon da yake tafiya a kansu. Ma'auni biyu suka fi yaɗuwa a duniya. Akwai HO, inda aka rage komai sau 87, faɗin dogonsa milimita 16.5, akwai kuma N, inda aka rage komai sau 160, faɗin dogonsa milimita 9. Mu N muka zaɓa, domin a wannan ma'auni mutum mai matsakaicin tsawo bai wuce milimita 11 ba, kuma mita ɗaya a kan tebur tana wakiltar mita 160 a fili, saboda haka ana iya nuna tasha da kasuwa da gona a wurin da bai fi tabarma ba.

A Turai da Amurka masu hali sukan ware ɗaki guda su gina shimfiɗarsu ta dindindin a ciki, wato layin dogon da duk abin da aka gina kewaye da shi. Mu ba mu da irin wannan ɗaki, kuma ko da muna da shi, duk wanda ya san ƙurar watan Janairu a Zinder ya san abin da za ta yi wa shimfiɗar da aka bari a buɗe. Wannan ya sa muka koma ga tsarin gaɓa-gaɓa, inda kowane mutum yake gina nasa yanki bisa ƙa'ida ɗaya, ya adana shi a gidansa, in ranar haɗuwa ta zo a jona su su zama layi guda. Irin waɗannan ƙa'idoji suna da yawa. NTRAK ta fara a Amurka a shekarar 1973, kuma gaɓarta ta asali tana da tsawon wajen santimita 122 da faɗin wajen 61, tana tsayawa da ƙafafunta. Ƙungiyar FREMO da aka kafa a Jamus a 1981 tana ɗaga dogonta zuwa milimita 1300 daga ƙasa, abin da ke da kyau ga babban mutum a tsaye amma ya fi ƙarfin idon ɗan firamare. Dukansu biyu sun yi mana girma wajen ɗauka da ajiya. T-TRAK, wadda ta samo asali daga Japan a farkon shekarun 2000, ita ce ta dace da mu, domin gaɓoɓinta ƙananan akwatuna ne da ake jerawa a kan tebur, ba su da ƙafafu, kuma dogon Unitrack na kamfanin Kato na Japan da ake amfani da shi yana da maƙalai a bakinsa waɗanda su ne suke riƙe gaɓa da gaɓa, su kuma wuce da wuta daga wannan zuwa waccan.

A nan ne aikin kafinta ya zama mai wuya, kuma a nan na fi so mai karatu ya natsu. Gaɓa ɗaya madaidaiciya tana ɗaukar dogo mai tsawon milimita 310, wanda ake samu ta hanyar haɗa guntu mai 248 da guntu mai 62, amma akwatin da ke ƙarƙashinsa dole ya zama milimita 308, domin dogon ya leƙo da milimita ɗaya a kowane gefe. Idan akwatin ya kai 310 ko ya wuce, katako zai haɗu da katako kafin maƙalan dogo su kama juna, sai a sami giɓi a tsakanin ƙarafa, jirgi ya tsaya ko ya sauka daga layi. Gaɓa mai ninki biyu tsawonta 618 ne, gaɓar kwana kuma murabba'i ce mai 365 a kowane gefe, tana ɗauke da lanƙwasa biyu, ɗaya mai nisan milimita 282 daga tsakiyar da'irarta ɗaya mai 315. Tsayin akwatin milimita 70 ne, layuka biyu ne a kansa, tsakanin tsakiyar wannan da tsakiyar wancan milimita 33. Duk waɗannan lambobi mun rubuta su a takarda muka kai shago.

Maigidan shagon dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, kuma da ya duba takardar ya ce da ni, "Malam, ai milimita biyu ba ta taɓa hana gado tsayuwa ba." Na ce masa, "Gaskiya ne, Maigida, amma a wannan ma'auni milimita biyu ta fi santimita 30 a fili, kuma babu jirgin da zai tsallake ramin santimita 30 a kan dogo." Bai yi gardama ba. Abin da ya yi bayan haka shi ne dalilin da ya sa nake yaba masa. Ya karɓi guntayen dogo biyu da muka haɗa, ya kai su wurin wani mai walda maƙwabcinsa, aka yanka masa magwajin ƙarfe mai tsawon 308 daidai da wani mai 365, ya rataye su a bangon shago, ya hana yaransa taɓa tef ɗin awo muddin aikinmu suke yi. Tef ɗin awo da ya sha wuya a shago ƙugiyar bakinsa takan yi sako-sako, ta ƙara ko ta rage milimita ɗaya ba tare da mai awo ya sani ba, shi kuwa magwajin ƙarfe ba ya canzawa daga hannun wannan yaro zuwa na wancan. Tun daga ranar, duk gaɓar da ta fito daga shagon tana haɗuwa da ƴar'uwarta ba tare da an goge ko an ƙara komai ba, har da waɗanda aka yi wa abokina watanni bayan nawa. Ban san wata shaida da ta fi wannan ƙarfi a kan aikin kafinta ba.

Batun katako bai tafi lami lafiya haka ba. A gaɓoɓin farko ya yi bangon akwatin da falankin katako ja irin wanda yake yin ƙafar gado da shi, bisa hujjar cewa ya fi ƙarfi, kuma falankin bai gama bushewa ba. Iskar hunturu ta Zinder busasshiya ce ƙwarai, tana zuƙe danshin katako cikin ƴan makonni, sai biyu daga cikin gaɓoɓin suka murɗe, in an ajiye su a kan tebur kusurwa ɗaya tana lilo. Da muka mayar masa bai nemi uzuri ba, ya sake su da katako mai falle-falle, wato wanda aka manna siraran falle bisa juna ana giciye zaren kowanne da na ƙasansa. Wannan giciye shi ne yake hana katakon kumbura da damina ko tsukewa da rani yadda falanki yake yi. Kauri milimita 9 ya isa ga bango, 6 ya isa ga rufin sama, kuma akwati mai wannan kauri yaro ɗan shekara goma yana ɗaukarsa da hannu ɗaya. Ya so ya yi amfani da katakon nan na garin itace da aka danne, wanda ya fi araha kuma fuskarsa ta fi santsi, amma mun ƙi, domin yana da nauyi, ƙusa ba ta kama gefensa da kyau, kuma ɗigon ruwa kaɗan daga rufin ɗaki yana kumbura shi kumburin da ba ya saɓewa. Ina ba kowa shawarar ya tsaya a kan wannan tun ranar ciniki, kuma ya nemi a shafe akwatin da fenti ciki da waje, ba waje kaɗai ba, domin fuskar da aka bari tsirara ita ce take shan danshi ta ja ɗayar.

Ƙa'idar T-TRAK ta tanadi ƙusoshi masu zare a kusurwoyin kowace gaɓa, waɗanda ake murɗawa a ɗaga ta ko a sauke ta tsakanin milimita 70 da wajen 100, saboda tebura ba su cika zama daidai ba, balle daɓen azuzuwanmu. Irin notin da ake dasawa cikin katako don wannan aiki ba mu same shi a Kasuwar Dole ba, sai ya yanka ƙananan dunƙulen katako, ya huda kowanne, ya nutsa noti na yau da kullum a ciki da gam, ya manna su a kusurwoyi, ya kuma buɗe ƙaramin rami ta sama domin a riƙa murɗa ƙusar ba tare da an ɗaga gaɓar ba. Dabara ce mai sauƙi kuma har yau babu wadda ta saki. Ramukan wayar wuta kuwa sai da muka tsaya a kansa aka huda su, domin ba fanninsa ba ne. Wayoyin Kato shuɗi da fari ne, kuma ƙa'ida ta ce a layuka biyun shuɗi ya kasance ta waje fari ta ciki. Wanda ya juya nasa, ranar haɗuwa wuta za ta haɗe, jirgin kowa ya tsaya. Shimfiɗa dogon ma mu muka yi da kanmu, kuma ina ganin haka ya fi, domin hannun da ya saba ɗaure ƙusar gado yakan matsa fiye da kima, robar da ke ƙarƙashin dogon ta lotsa, faɗin milimita 9 ya tsuke.

Yanzu ga ma'ajiya, wadda ita ce zuciyar wannan aiki. Abokan gabar ƙaramin jirgi a Zinder sanannu ne ga duk mai gida a garin nan, sai dai illarsu a kan abu mai wannan ƙanƙanta ta fi tsanani. Ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, laushinta ya sa tana shiga ta inda iska ma da ƙyar take shiga. Taya da dogo suna haɗuwa ne a wuri ɗan mitsitsi, kuma ta wannan wuri duk wutar injin take bi, saboda haka ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta sa jirgi ya riƙa tafiya yana sarƙewa, in kuma ta haɗu da man da ke cikin haƙoran injin sai ta zama abin da ke cinye su a hankali. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni yake wuce digiri 40 a inuwa, a ƙarƙashin rufin kwano kuma ya fi haka nesa, yana lanƙwasa siraran sassan roba, yana kuma miƙar da ƙarfen dogo. Mita ɗaya ta irin wannan ƙarfe tana ƙara kusan rabin milimita in zafi ya ƙaru da digiri 25 zuwa 30, abin da ya sa gajerun gaɓoɓi masu ɗan sarari a mahaɗa suka fi dogon layi da aka manne gaba ɗaya aminci a wurinmu. Sai danshin Yuli da Agusta, wanda ba ya daɗewa amma yana zuwa wa katakon da ya bushe ƙayau. Sai gara, wadda ba ta bukatar bayani. Akwai kuma zanzaro, da ban taɓa jin wani mai wannan sha'awa a wata ƙasa ya ambata ba, wanda in ya sami ramin da jirgi ke bi ta ƙarƙashin dutse ko tagar ƙaramin gini sai ya cika shi da laka ya yi ɗakinsa.

Maigidan shagon ya san waɗannan duka fiye da mu, domin da su yake fama a kayan amare, kuma a nan ne ilminsa na gida ya yi abin da babu takardar ƙa'ida daga waje da za ta yi. Ya ƙera ma'ajiyar da katako mai falle-falle mai kaurin milimita 15, ya jera siraran sanduna a bangonta na ciki hagu da dama, ta yadda kowace gaɓa take shiga a kan nata layin kamar yadda mai gidan burodi yake zura farantansa a tanda, ba tare da ɗaya ta hau kan ɗaya ba. Tsakanin hawa da hawa ya bar santimita 20, wanda in an cire tsayin akwatin da ɗan sarari ya rage wajen 12 na abin da aka gina a kai. A bayan kowane layi ya manna guntun soso domin kada gaɓa ta bugi bango, a gefuna kuma ya bar ɗan sarari don bakin dogon nan da ya leƙo da milimita ɗaya, wanda shi ne wuri mafi rauni a jikin gaɓa. In maƙalin ya karye ana iya sauya shi, amma in ƙarfen ya lanƙwashe sai an ɓamɓare guntun gaba ɗaya. Wannan sarari ba mu muka tuna masa da shi ba, shi ya lura da kansa.

Ƙofar ita ce abin da ya fi burge ni. Ya yanka robar cikin tayar mota siri-siri, ya manna ta kewaye da bakin ma'ajiyar, ya sa maƙalai biyu masu jan ƙofa su matse ta, sama da ƙasa. A tsakiyar hunturu, ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango duwatsun Birni daga nesa, na shafa farin ƙyalle a saman ma'ajiyar ya fito ja, na buɗe na shafa a kan dogo ya fito kusan yadda ya shiga. Kafin mu sami wannan ma'ajiya, duk ranar da za a kunna jirgi sai an fara da goge layi gaba ɗaya. Yanzu ɗan shafawa da ƙyalle mai ɗigon barasar asibiti ya wadatar. A nan zan ja kunnen mai farawa kada ya kusanci dogo da takardar goge katako ko da wasa, domin ƙarcen da take bari shi ne yake zama maɓoyar datti daga baya.

Ƙofar da ba ta barin ƙura ba ta barin danshi ya fita, saboda haka gaɓar da aka yi wa aiki da gam ko fenti sai ta bushe sarai kafin a rufe ta, kuma da damina muna zuba ƴan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin takalmi ko na magani, muna shanya su a rana lokaci-lokaci. Ƙwayar kafur da mata suke sawa cikin tufafi mun hana ta shiga, domin tururin wasu nau'o'inta yana ɓata roba. Game da gara, ya ɗora ma'ajiyar a kan ƙafafun ƙarfe masu tsayin santimita 20, ya kuma gargaɗe mu kada mu jingina ta da bangon ƙasa, a bar tazarar da hannu da tsintsiya za su shiga, a riƙa duba ƙafafun ko an fara gina hanyar laka a jikinsu. Ya ƙara da cewa a ajiye ta a ɗakin soro in akwai, domin rufin ƙasa da azara ya fi kwano sanyi da rana, kuma abin da na gani a gidana da na abokina mai rufin kwano ya gaskata shi: ƴan sandunan fitila na roba da ke kan gaɓarsa sun sunkuya a bazara guda, nawa suna tsaye.

Tsayin santimita 12 da ma'ajiyar ta ƙayyade ya shafi abin da muke ginawa, kuma ban ɗauki wannan a matsayin takura ba. A ma'aunin N wannan tsayi ya kai mita 19, ya ishi kuka da gawo da giginya, ya ishi soro mai zankwaye irin na Birni, ya ishi ƙaramin tulin duwatsu. Duwatsun da soson kwalin firji muke sassaƙa su domin kada su yi nauyi, muna shafa musu fenti mai ruwa, tun da fenti mai fetur yana narkar da irin wannan soso nan take. Yashi da jar ƙasa na gaske muke amfani da su, amma sai an tankaɗe an kuma bi su da maganaɗisu, domin akwai ɓurɓushin ƙarfe a cikinsu wanda maganaɗisun injin jirgi yake jawowa ciki. Duk abin da ya fi wannan tsayi, kamar hasumiyar masallaci ko tankin ruwa, muna yin sa mai cirewa ne, a ajiye shi a aljihun da ya yi a ƙasan ma'ajiyar tare da kawunan jirgi da taragai, kowanne cikin kwalinsa na asali.

Ba duk abin da ya yi ne ya gamshe ni ba. Mafi muni shi ne baƙin man inji da ya shafa a ƙasan ma'ajiyar ba tare da ya tambaye mu ba, bisa al'adar da ake bi wajen kare azara da ƙyaure daga gara. Ga ƙyaure wannan dabara tana da amfani, amma a cikin akwatin da aka toshe ko'ina warin ya cika shi, man ya ratsa katako ya ɓullo ta ciki, kuma mai irin wannan ba abokin roba da fenti ba ne. Sai da aka cire fallen ƙasan aka sake wani, muka bar ma'ajiyar a buɗe ta sha iska kafin mu yarda mu sa komai. Tun da an riga an ɗora ta a kan ƙarfe, man ba shi da wani aiki da zai yi. Na biyu, ya auna zurfin ma'ajiyar da gaɓoɓi madaidaita masu faɗin milimita 330 ya manta da na kwana masu 365, sai ƙofa ta ƙi rufuwa a kansu, aka ƙara mata baki, wanda ya gyara matsalar amma ya bar tabo a fuskarta. Na uku, ta yi nauyi. Niyyarmu ita ce a riƙa ɗaukar ta yadda take zuwa makarantu, amma cike da kaya sai ƙarti biyu, kuma da ƙyar take bi ta ƙofar zaure, ba ta kuma zama a adaidaita sai an buɗe baya. Da an raba ta gida biyu, kowanne da hannayen ɗauka a gefe, da ta fi amfani. Na huɗu shi ne alkawari. Duk wanda ya kai aiki irin wannan gab da salla ko bayan kaka, lokacin da bukukuwan aure suke yawa, ya sani cewa gadon amarya yana gabansa a layi, kuma ranar da aka faɗa masa ba ita ce ranar karɓa ba. Ba ya musun jinkirin in an je, yana ba da haƙuri cikin mutunci, amma haƙuri bai hana mu ɗage ranar da muka sa wa ɗalibai ba.

Ɗaliban su ne dalilin wannan wahala duka. Yawancin yaran Damagaram ba su taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsu ba, alhali tarihin kasuwancin yankin yana ɗaure da shi. Dogo ya isa Kano a 1911, ya isa Nguru a 1930, kuma a da gyaɗa da fatun wannan ƙasa ta Kano suke bi su hau tarago zuwa bakin teku, amma bai taɓa tsallakowa zuwa Zinder ba, duk da cewa ita ce babban birnin mulkin mallakar Nijar har 1926. Layin Yamai zuwa Doso mai kilomita 143 da aka ƙaddamar a 2016 bai zama hanyar sufurin yau da kullum ba, layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 kuwa a 2021 aka aza harsashinsa. Idan muka jera gaɓoɓin kwana huɗu da masu ninki biyu guda biyu, muna samun zagaye mai tsawon wajen santimita 135 da faɗin wajen 73, wanda tebura biyu na aji suke ɗauka, kuma haɗa shi ba ya cin lokacin da ya kai hutun tsakar safiya. A kansa yaro yake ganin dalilin da ya sa jirgi ba ya iya yin kwana mai tsini, da yadda ake karkatar da shi daga layi zuwa layi, da ma'anar rage abu sau 160, wanda darasin lissafi ne da allo ba ya iya nunawa haka. Injin yana aiki da wuta mai ƙarfin volt 12, saboda haka ɗaukewar lantarki ba ta tsayar da mu in akwai batirin sola da na'urar daidaita gudu da ta dace da shi. Wanda zai yi odar na'urar daga waje ya karanta abin da aka rubuta a jikinta, domin wutar gidajen Japan volt 100 ce, tamu kuwa 220.

Ta fuskar kuɗi, aikin katakon shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Abin da muka biya a kan akwatin gaɓa ɗaya bai kai kuɗin dogon da aka shimfiɗa a kansa ba, ma'ajiyar gaba ɗaya kuma ba ta kai kuɗin kan jirgi ɗaya ba in an haɗa da ladan wanda ya kawo shi daga waje, ga shi kuwa tana kare kayan da suka ninka ta sau da yawa. Farashi yana bin farashin katako a kasuwa, wanda yake hawa da sauka da halin da iyaka take ciki, saboda haka ya fi kyau mutum ya je tare da yaron shago su sayi fallen katakon, ya duba da idonsa cewa bai lanƙwashe ba kuma fallayensa ba su fara rabuwa a gefe ba, sannan a yi cinikin aikin hannu daban. Gyare-gyaren da suka biyo bayan kuskurensa, na ɗanyen falanki da na baƙin mai, bai karɓi ko dala a kansu ba.

Wanda zai kai masa aiki ya tafi da guntun dogo na gaske a hannunsa, kada ya dogara da lambobi a takarda kaɗai, ya nemi a auna da magwajin ƙarfen da ke rataye a bango, ya fara da gaɓa ɗaya ta gwaji kafin ya ba da odar sauran, kuma ya faɗa da bakinsa tun farko cewa ba ya son mai ko maganin ƙwari a jikin katakon. Ya kuma auna faɗin ƙofar gidansa da ta ɗakin da zai ajiye ma'ajiyar kafin a yanka komai. Mu mun riga mun ba shi aikin ma'ajiya ta biyu, wadda za ta zo gida biyu masu hawa huɗu-huɗu, zurfinsu milimita 385 domin gaɓoɓin kwana su shiga da soson bayansu, kuma a wannan karo mun kai aikin a tsakiyar damina, lokacin da shagon ba shi da cunkoso.